Ba Iskar Babur Ba Ce, Fetur Na Zuƙa

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ban ce uffan a nan ba, ko saƙonninku na ya jiki ban amsa ba. Ku yafe mini. Kunya ce ta hana ni.

A gidanmu kowa ya ɗauka iskar babur ce ta shiga ƙirjina. Ba ita ba ce. Fetur na zuƙa, kuma ban faɗa wa kowa a gida ba.

Yayana Bashiru yana da dogon babur mai tayoyi masu haƙora, wanda ke bin kwalta ya bi yashi. Da shi yake shiga ƙauyuka yana sayo wa 'yan kasuwar Aliero albasa tun daga gona. Can ciki babu gidan mai, shi ya sa kullum yake ɗaure galan na fetur a bayan babur, nesa da salansa mai fitar da hayaƙi. Daga jarka yake ɗurawa da tiyo. Ya sa baki ya ja, ya yi maza ya cire. Ya sha ce mini, "Safiya, in na gan ki kusa ga jarkag ga, ni da ke ne."

Ranar sunan 'yar Goggo a Sarandosa ya ce da ni zai tafi. Da safe ya shiga wanka, na ga galan babu komai. Na ce bari in cika, ya fito ya san ƙanwarsa ta girma.

Na ja tiyo, shiru. Na ja da ƙarfi.

Ya cika mini baki, ya sarƙe ni. Na yi tari har na durƙusa. Na tura yatsa na yi amai, na sha manja cokali biyu, don na taɓa jin ana ba yaran da suka sha kananzir. Na mayar da komai inda yake, na sake hijabi.

Yaya bai ji wari ba, shi da hannunsa kullum ke warin mai. Dariya ma ya yi: "Mi ya sa idonki ja? Kukan murna, 'yar ƙauye?"

Tari bai bar ni ba har muka wuce Maiyama. Kafin la'asar zazzaɓi ya rufe ni. Goggo ta ce maleriya ce, aka sayo magani a kemis. Kwana biyu ina sha. A na uku, ko ayar Fatiha ba na iya kaiwa ƙarshe sai na tsaya neman numfashi.

A mota aka kai ni asibiti a Jega.

Suka ɗebi jini, babu maleriya. Suka ɗauki hoton ƙirji. Suka sa mini robar iska a hanci, ga ƙarin ruwa, ga allura safe da yamma. Baba ya sayar da albasar da ya ajiye yana jiran ta yi tsada.

Likita ya ɗaga hoton ya tambaye ni, "Kin sha wani abu? Ko kin shaƙi wani abu?"

Baba yana tsaye a kaina. Na girgiza kai.

Inna ta ce, "Iska ce, Likita. Yaro ya ɗauki ɗiya da sanyin safiya, ya yi ta gudu da ita cikin daji."

A nan, gaban mutane, Baba ya miƙa wa Yaya hannu. "Kawo makulli. Wanga babur naka ya kusa kashe min ɗiya." Yaya ya ciro makullin ya ba shi.

Ina kwance ina kallo. Na ji tsoron mutuwa, amma na fi jin tsoron buɗe baki.

Akwai wata nas, Sista Rifkatu. A rana ta huɗu, da Inna ta fita sallar azahar, ta zauna bakin gadona. Ta ce, "Ni ma babana ɗan acaɓa ne, na san tiyo. Hoton nan bai yi kama da na sanyi ba. Faɗa mini, ƙanwata."

Na fashe da kuka, na faɗa mata. Ta ce aman da na tilasta wa kaina ya ƙara tura man cikin huhu, manja kuma ba magani ba ne. Na roƙe ta ta rufa mini asiri. Ta ce, "Likita dole ya ji. Na gida kuwa, bakinki ne zai faɗa."

Kwanana goma sha biyu aka sallame ni. Kullum Yaya sai ya zo a motar haya da lemo a leda. Ranar sallama ya durƙusa ya sa mini takalmi, ya ce, "Ki yafe min, Auta."

Duk alluran da aka yi mini, babu wadda ta kai wannan zafi.

Yanzu na warke, alhamdu lillahi. Ina ɗaukar bokiti daga rijiya ba na haki. Babur kuwa yana zaure an lulluɓe shi da buhuna, kaza har ta yi ƙwai a ƙarƙashinsa. Kakar albasa ta wuce Yaya yana dakon buhun wasu a kasuwa. In ya gai da Baba, da ka yake amsawa.

Na gode wa Allah. Na gode wa Likita da Sista Rifkatu, da ku da kuka yi mini addu'a.

Masu ɗaukar mai a babur, don Allah ku bar jan tiyo da baki, ku nemi mazurari. Wanda fetur ya shiga bakinsa kada ya yi aman dole, kada a ba shi manja, a wuce asibiti. Kuma in likita ya tambaye ku, ku faɗi gaskiya ko wa ke tsaye a wurin.

Sau uku ina rubuta wannan ina gogewa. Wannan karon na yi wa kaina alkawari ba zan tura ba sai na karanta wa Baba shi da bakina, Yaya yana zaune.

In kun ga ya iso gare ku, to Baba ya ji.