Wanda Ke Shan Man Malam Sanda

Malam Sanda Mijinyawa mutumin Gusau ne, mai awon kaya a wani ofishin kago na aika kaya ƙasashen waje da ke Al Sabkha, cikin Deira. Aikinsa ya ɗora kwali a sikeli, ya duba, ya rubuta nauyin a jikin kwalin. Ya shekara da shekaru yana wannan, kuma babban abin da aikin ya koya masa shi ne duk na'urar da ke nuna lamba, akwai wanda ya san yadda ake lallashinta. Kafin ya zo Dubai ya taɓa ba da mai a wani gidan mai da ke hanyar Funtua. Bai cika ba da labarin wurin ba. In an matsa masa sai ya ce ya ga abin da ya gani.

Yana kwana a wani gidan haya na gwauraye, gado bisa gado. In mutum ya yi tari a ɗakin, sai ya ji sannu daga sama, ya ji sannu daga ƙasa. In kuwa waya ya ɗauka zai kira gida, to kowa ya samu abin saurare. Wannan ne ya sa ya sayi mota, ba don tafiya ba, domin daga gidan zuwa ofis ƙafa ta wadatar. Tsohuwa ce ƙirar Japan, ruwan toka, ta girmi 'yarsa Umma nesa ba kusa ba. A hannun abokinsa Godfrey ya saya, wani mutumin Kafanchan mai gyaran esi, wanda suka saba shan shayi tare a bakin ruwan Creek. Motar na kwana a wani fili mai yashi a bayan benensu.

Kullum bayan sallar Asuba Malam Sanda zai sauko ya tayar da ita, ya bar ta tana aiki a tsaye, yana ɗan taka totur jifa-jifa har sai inji ya ɗumama. Haka mahaifinsa yake yi, haka duk mai mota mai mutunci yake yi a Gusau. Da daddare kuma bayan Isha'i, lokacin da yamma ta yi a gida kuma Umma ta dawo daga Islamiyya, sai ya sake saukowa. Ya shiga, ya ja ƙofa, ya tada inji, ya kunna esi, ya kwantar da kujera, sannan ya kira matarsa Halima Sa'adiya. A nan ake shawarar rufin kwano da kuɗin makaranta, a nan Umma ke biya masa hadda. In an gama ya saurari labaran gida a waya, wani lokaci ya yanke farce, wani lokaci barci ya ɗan sace shi. A duk faɗin Dubai wannan ce ƙofa ɗaya da yake rufewa ta zauna a rufe.

Sai dai motar tana shan mai. Motar da ba ta zuwa ko'ina, in ban da ɗan zagayen ranar Lahadi, amma allurar mai kullum ƙasa take yi. Malam Sanda ya san mai ba ya ɓacewa haka kawai. In ya ragu, to wani ne ya rage shi.

Gidan mai ya fara zargi. Dama tun ranar farko bai yarda da su ba. A gida fetur ɗaya ne, mutum ya ce a zuba masa, a zuba, in ya samu ya gode wa Allah. Nan kuwa tiyo uku ne a jikin famfo, ja da kore da shuɗi, kowanne da lambarsa: ja casa'in da ɗaya, kore casa'in da biyar, shuɗi casa'in da takwas, farashi na hawa yadda lamba ke hawa. Mai ba da man, wani ɗan Nepal mai yawan fara'a, ya tambaye shi wanne. Malam Sanda ya ce fetur. Fara'ar ma bai yarda da ita ba.

Ra'ayinsa na farko shi ne tanki ɗaya ne a ƙarƙashin ƙasa, aka fito masa da tiyo uku aka shafa musu fenti. Ra'ayinsa na biyu shi ne shuɗin ya fi ƙarfi kuma ya fi auki, jan kuwa ragowa ce ake sayar wa baƙi. Yana riƙe da ra'ayoyin nan biyu lokaci guda, kuma ba su taɓa yin faɗa a kansa ba.

Ita lambar, a gaskiya, ba ƙarfi take nunawa ba, ba kuma nisan tafiya ba. Haƙurin mai take nunawa, wato yadda zai jure matsi a cikin inji bai kama da wuta kafin lokacinsa ba. Injin da aka ƙera don ja, in an ba shi shuɗi zai sha ya yi shiru, ba zai ƙara ko taku ɗaya ba. Masu ƙera motar ma sun manna 'yar takarda a cikin murfin tanki mai ɗauke da casa'in da ɗaya. Malam Sanda ya gan ta. Ya sa farce ya kankare gefenta, ko akwai wata a ƙasa.

Ya koma shan shuɗi. Allura ta ci gaba da sauka. Ya gwada kore. Ya gwada rabin shuɗi a wannan gidan mai, rabin ja a wancan, don kada su gane shirinsa. Ba ya zama a mota in ana zuba masa. Sai ya fito cikin ranar nan mai narka kwalta, ya tsaya sai ya ga lambar famfo ta koma sifili, ya tsura wa hannun mai zubawa ido, a ƙarshe ya dangwali bakin tanki ya murza a yatsa ya sansana, ko an surka da kananzir. Da ya ga duk gidajen man Deira bakinsu ɗaya, sai ya fara zuwa Sharjah ya sha, cikin cunkoso, ya dawo cikin cunkoso. Ya lura man Sharjah ma kafin ya kai gida ya riga ya ragu. Ashe abin ya haɗa har da su.

Wata yamma ya kai maganar wurin Godfrey, suna zaune da kofunan shayin karak, ƙananan jiragen ruwa na abra na kai da kawo a gabansu.

"Godfrey, tsakaninka da Allah, lokacin da motar nan take hannunka, me kake ba ta?"

"Ja mana. Me zan ba ta, zuma?"

"Kuma ba ta sha?"

"Tana sha daidai cikinta. Kai ne dai ka mai da ita amarya. Wai ni kam, Malam, da gaske ne abin da na ji, har yanzu kana ɗumama ta da safe?"

"Ina ɗumamawa."

"A Dubai? A watan Yuli? Mutumina, motar da ta kwana tana dahuwa, me ya rage ka ɗumama? In ka fasa ƙwai a kanta da asuba ka samu karin kumallo."

"Inji daban, rana daban," in ji Malam Sanda. Ya kurɓi shayi, ya dube shi ta gefen ido. "Wa ya manna takardar nan ta cikin murfi?"

"Wace takarda?"

"Mai casa'in da ɗaya."

Godfrey ya ajiye kofi, ya yi dariya har da buga gwiwa. "Ni ne. Na je Japan na manna na dawo. Yalla, sha shayinka kafin ka ce na rage maka madara."

Malam Sanda ya yi murmushi don zumunci, amma ya ajiye dariyar a ransa. Ya san mai gaskiya ba ya dariya da ƙarfi haka.

Halima Sa'adiya kuwa ta gaji da jin labarin allura. Rannan yana cikin bayyana mata bambancin kore da shuɗi ta katse shi.

"Abban Umma, ni fa ban san launin mai ba. Abin da na sani shi ne tun da ka sayi motar nan zancenka ya koma na tanki. In haka take zuƙe ka, ka rabu da ita mana."

"In na rabu da ita, a ina zan riƙa kiranki?"

"Da can a ina kake kira?"

"Da can ai jama'a nake kira, ke kina saurare."

Ta yi dariya, amma ba ta janye ba. Suka tsaya a kan magana ɗaya: takardun motar, waɗanda a nan ake kira mulkiya, sun kusa ƙarewa. In ya kama mai shan man kafin lokacin sabuntawa, mota ta zauna. In bai kama ba, a sayar. Yana ajiye waya ya ci gaba da zama yana tunani, inji na gurnani a hankali, iska mai sanyi na busa masa a fuska.

Daga nan ya bar gidajen mai ya koma kan maƙwabta. Ya san yadda ake yi: ɗan guntun tiyo, jarka, a zuƙa da baki a tofar. Ya share yashin da ke kewaye da motar sumul don ya ga sawu. Da safe ya tarar da sawun kyanwa da na mutum ɗaya mai silifas, ya bi shi a hankali har ƙofar bene, sannan ya gane silifas ɗin. Ya manna zare a bakin murfin tanki. Zare bai tsinke ba, allura ta sauka. Wannan ya tabbatar masa cewa ba da ƙaramin ɓarawo yake yi ba, da wanda ya iya mai da zare ne.

Sai ya ɗauki gadi da kansa. Ranar Lahadi ya fasa zagaye, ya shiga motar tun hantsi, ya kwantar da kujera yadda ba za a hango shi ba. Zafin wannan lokacin ba ya barin mutum ya zauna a rufaffiyar mota, don haka ya tada inji ya kunna esi. Ya wuni yana leƙen madubi, sallah kaɗai ke fito da shi. Ba wanda ya matso. Da la'asar ya dubi allura, ta yi ƙasa sosai. Ba a taɓa yi masa sata irin ta ranar ba, kuma yana ciki.

Ya sake gadi Lahadin da ta biyo, da wadda ta biyo ta. Tun da ya fara gadi satar ta ƙaru. Mutumin da ake yi wa haka a gaban idonsa, ya ce a ransa, ya kamata ya san an fi ƙarfinsa.

Mulkiya ta ƙare, ɓarawo bai shiga hannu ba. Ya sayar da motar ga Badaru, wanda ke kwana a gadon da ke samansa, ma'aikacin wani kamfani a Jebel Ali da ya gaji da tsayuwa a jirgin ƙasa na metro. Malam Sanda mutum ne mai amana, bai ɓoye masa aibinta ba.

"Tana sha fa, Badaru. Na gaya maka gaban shaidu."

"Ba komai, Yaya Sanda, za mu daidaita."

Badaru ba ya ɗumama mota, don kullum a makare yake. Ya faɗa ciki, ya murza makulli, ya fice. Ja yake zuba mata, domin shi ya gani a murfi. Bayan 'yan makonni ya shigo ɗaki yana yabon ta.

"Yaya Sanda, wallahi ka yi mini alheri. Motar nan kamar da iska take tafiya. Jebel Ali kullum, zuwa da dawowa, amma allura sai ta ga dama take motsi."

Malam Sanda ya ce masha Allah. Ya kwanta yana kallon katakon gadon sama. Lissafin bai da wuya. Mota ɗaya, fili ɗaya, gidajen mai ɗaya. Abu ɗaya ne ya canza, mai ita. Kuma sata ta tsaya cak ranar da motar ta koma hannun Badaru. To wane ɓarawo ne ke daina sata in kaya sun zama nasa? Ya tuna yadda Badaru ya yi saurin cewa za su daidaita. Ya tuna kuma Godfrey ya san Badaru. Bai ce wa kowa komai ba. Ya dai daina barin man goge bakinsa a banɗaki.

Waya kuwa ta koma matakalar bene. Nan yake tsayawa bayan Isha'i, gumi na bin bayansa, masu hawa da sauka na ce masa a gai da gida. Umma ta fara hadda, wani ya wuce da buhun shinkafa yana waƙa da yaren ƙasarsu.

"Abba, wa ke waƙa?"

"Ba kowa, ci gaba."

Halima Sa'adiya ta karɓi wayar. "Abban Umma, maganar da nake son mu yi ba ta matakala ba ce."

"To ki bari sai an samu wuri."

Aka kwana biyu ba a samu wuri ba. Badaru ne ya tarar da shi wata rana, riga ta jiƙe sharkaf, ya toshe kunne ɗaya da yatsa. Tausayi ya kama shi. Ya zaro makulli ya miƙa masa.

"Haba Yaya Sanda, ga mota a ajiye kana wahala a nan? Da daddare ai ba na zuwa ko'ina. Ka riƙa shiga kana wayarka, khalas, shi ke nan."

Malam Sanda ya dubi makullin, ya dubi Badaru. Ya san mai laifi kan yi kyauta don zuciyarsa ta huta. Ya karɓa, don bai ga dalilin da zai hana bawan Allah tuba ba. Daren nan ya ja ƙofa, ya tada inji, ya kunna esi, ya kwantar da kujera. Aka yi maganar da ba ta matakala ba, aka ƙara da wasu. Da yake shi ba mai cin alheri ya shafe baki ba ne, sai ya ɗauki nauyin ɗumama wa Badaru motar kullum da asuba, ba tare da ya gaya masa ba.

Ba a rufa wata ba Badaru ya leƙo daga gadon sama, fuskarsa a yamutse.

"Yaya Sanda, ka san wani abu? Motar nan ta fara sha."

Malam Sanda ya auna maganar a ransa. Wannan ya wanke Badaru, ko kuma dabara ce ta wanke kai. Zai duba. Ya gyara filo, ya ce, "Ai na gaya maka gaban shaidu. Wanne kake zuba mata?"

"Ja."

"To gwada shuɗin. Kuma ka riƙa fitowa kana kallon hannunsu."