Launin ƙarfe a maƙerar Baba

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ranar da na yi wa mahaifina rashin kunya a maƙerarsa ba za ta fita daga raina ba.

Mu maƙera ne a wani ƙauye kusa da Bagwai, gadon kaka da kakanni. Ni kuwa boko ya ja ni har na samu gurbin digiri na uku a ƙasar waje, inda zan binciki iskar wasu manyan duniyoyi da ke kewaya taurari masu nisa. Sun matsa kusa da taurarin nasu ƙwarai, har zafinsu yakan mai da ƙarfe tururi. Takardu sun kammala, saura albarkar Baba. In babu ita ba inda zan je, shi ma ya sani.

Na same shi da hantsi, gab da damina, manoma sun cika rumfa suna jiran a gyara musu garma. Na zuba bayani, rabi Hausa rabi Turanci, don a san an yi karatu. Ya saurara, sannan ya tambaye ni yadda aka yi na san zafin wurin da ban taɓa zuwa ba. A ganinsa, wannan ƙarya ce kawai da aka rubuta a takarda. Sai bakina ya suɓuce na ce, "Baba, ba za ka gane ba."

Har yau in na tuna, kunya ce take kama ni.

Bai yi faɗa ba. Ya ce bari a ga abin da ni na gane. Ya sa na kama zugazugi, ya tura ƙarfe cikin gawayi, ya ce in faɗa masa lokacin cirewa. Da ya yi ja na ce ya isa, ya ce tukuna. Sai da jan ya koma ruwan ɗorawa sannan ya zaro shi da awartaki.

"Ka ga na taɓa shi?" in ji shi. "Tun kafin a haife ka da ido nake auna wuta."

Nan take na gane ainihin aikinmu na bincike ke nan. Hasken tauraron da ya ratso iskar duniyar muke tara da na'urar hangen nesa, mu rarrabe launukansa, mu gane zafinta da abin da ke cikinta, ƙarfe ne ko tururin ruwa. Na faɗa masa haka da Hausa tsantsa, kaina a ƙasa, na roƙi gafara.

Ya ce, "Ashe ƙira za ka je yi. Me ya hana ka faɗi haka tun farko? Je ka, Allah ya yi maka albarka."

Ya rasu kafin in dawo. Tun daga ranar maƙerar nan, in mutum bai fahimce ni ba, bayanina nake fara tuhuma kafin in taɓa hankalinsa.