Ƙarfen da Alhaji Labaran Ya Zaɓa wa Elkana

Duk mutanenmu da na sani a Dubai da zafi suke kuka, ban da Elkana Kure. Shi sanyi ne ya ci shi. A tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, za ka gan shi a bakin titi da hular ulu da safa biyu a leda, yana jiran motar ma'aikata. A Al Quoz yake aiki, a wata masana'antar ƙanƙara da ke maƙale tsakanin gareji da sito na tayoyi. Ba irin ƙanƙarar da ake jefawa a lemo ba ce. Manyan dunƙule ne masu haske kamar gilashi, kowanne in an tsayar da shi yana kai wa mutum ƙugu, ana sassaƙa su a kai otal ranar bikin masu kuɗi.

Ni Magdalena a irin wannan otal ɗin nake aiki, ina jera faranti ina kwashewa, saboda haka na san inda wahalarsa take ƙarewa. In biki ya tashi, mu ne muke tura tsuntsun ƙanƙarar ko furen zuwa bayan kicin, a sakar mata ruwan zafi ta bi magudana. Ban taɓa gaya masa haka ba. A majami'a muka haɗu, muka gane garuruwanmu ba su da nisa da juna a kudancin Kaduna, tun daga nan nake kiransa Yaya. Manomin citta ne. Shekarar da citta ta ruɓe a ƙasa ya bar matarsa Stephanie da 'yarsa Chastity ya taho.

Ba shi ne mai sassaƙa ba, shi mai huda ne. Kowane dunƙule sai an yi masa rami inda za a sa furanni ko fitila, kuma da wani dogon ƙarfe murɗaɗɗe ake yin ramin, mai reza biyu a baki da mariƙi a sama. A kafa bakin a ƙanƙara, a danna da hagu, a juya da dama, har ya nutse. Tun safe yake wannan juyi a ɗakin sanyi har la'asar. Kafin ya cika shekara biyu kafaɗarsa ta dama ta fara ƙara, in yana sa riga sai ya cije leɓe. Ya san abin da hakan ke nufi, mu ma mun sani. A garin nan hannunka ne bizarka, ranar da ya gaza kuwa akwai wani a layi da nasa lafiyayye.

Sai ya tsiri kallon Turawa a waya, waɗanda ke huda daskararren tafki su kama kifi. Ya ga sun cire mariƙin ƙarfen sun maƙala masa diril, wato injin huda mai batir, rami ya fita kafin mutum ya gama hamma. Shi ma yana da wani ɗan diril da yake ɗaura wa mutane labule da shi a Satwa ranar hutu. Ya je wa manaja da maganar. Manaja ya ce na hannun bai lalace ba, kamfani ba zai sayi komai ba. In yana so ya kawo nasa, amma duk abin da ya biyo baya babu ruwan kamfani. Na kamfanin kuma mariƙinsa a walde yake, ba ya ciruwa. Dole sai sabo.

Wata da watanni ba mu da hira sai ta ƙarfen huda. Duk Lahadi bayan sujada yakan zo ɗakinmu cin tuwo, ya ajiye waya kusa da kwanon miya ya yi ta yi mini karatu, ni da ban tambaye shi ba. Akwai mai lanƙwasasshiyar reza, akwai mai miƙaƙƙiya. Akwai na ƙarfe zalla, akwai mai jikin roba marar nauyi. Sai an samu wanda mariƙinsa ke kwancewa, da ɗan ƙarfen da zai haɗa shi da bakin diril. Batir ba ya son sanyi, sai a riƙa ɓoye ɗaya a cikin riga kusa da ciki. Na ce masa da ya yi wa Littafi Mai Tsarki irin wannan naci da tuni ya zama fasto. Amma abu ɗaya ya maimaita har na haddace: faɗin baki shi ne komai. Diril ɗinsa ƙarami ne, ba shi da mariƙi na gefe, mai inci biyar kawai zai iya ja. Wanda ya fi haka, in reza ta cije, ƙarfen zai tsaya cak, injin ne zai juya da hannun mai riƙe da shi. Elkana ya san wannan sarai, ba jahilci ne ya kashe masa hannu ba.

Matsalar ita ce babu mai sayar da irin wannan abu a garin da ruwa bai taɓa daskarewa da kansa ba. Ya zaga shagunan ƙarafa na Deira ana yi masa kallon mai taɓin hankali. Daga ƙarshe ya tafi wajen Alhaji Labaran.

Alhaji Labaran Bakano ne, ɗan kasuwa mai haɗa kaya a kwantena, yana da ofis da ɗan sito a Muraqqabat. Lokacin da Elkana ya sauka ƙasar nan, wanda ya yi masa alkawarin aiki ya kashe waya. Alhaji ne ya ji shi yana magana da Hausa a bakin tashar Al Rigga, ya kira shi ya tambayi daga ina. Bai tambayi addininsa ba. Ya ba shi katifa a tsakanin kwalaye, ya ci da shi har ya samu aiki. Mutumin kirki ne, wannan ba zan taɓa musantawa ba, kuma shi ya sa labarin ya fi ci mini rai. Elkana ba ya iya zama a kujera a gabansa, sai dai ya tsuguna a gefen tabarma.

Ya nuna masa hoto, ya ce mai inci biyar. Alhaji ya ce an gama, yana da mutum a Sin, zai sa a jefo shi cikin kayansa. Da Elkana ya kawo maganar kuɗi Alhaji ya ɓata rai, ya ce kada ya sake.

Ranar da kayan suka iso da ni aka je, don ina son in aika wa innata atamfa ta hannun Alhaji. Aka jawo wani dogon kwali. Alhaji yana ta murmushi kamar wanda ya yi wa ɗansa ɗinkin salla.

"Yalla, ɗan'uwa, maza buɗe ka gani. Wancan da ka nuna mini na yara ne. Na ce musu a'a, ku ba ni mafi girma da kuke da shi. Mutumina ba zai riƙe ƙaramin abu a gaban Indiyawa ba."

Elkana ya yage kwalin. Bakin ƙarfen ya kai faɗin faranti, inci takwas ne. Ya dubi ƙarfen, ya dubi Alhaji. Sai ya durƙusa ya riƙe hannun Alhaji da hannu biyu, ya yi ta godiya, ya sa albarka ga 'ya'ya da jikoki da kasuwa.

A jirgin ƙasa na tsare shi. Na ce Yaya, ba kai ka ce mini wannan zai karya mutum ba? Ya ce zai bi a hankali. Na ce ya koma ya ce a canza, ko ya ajiye wannan a ƙarƙashin gado ya nemi ƙarami ta wata hanya. Ya dube ni kamar na ce ya zagi mahaifinsa. Ya ce mutumin da ya ɗauke shi daga titi ya yi masa kyauta, har ya ƙara masa a kan abin da ya roƙa, shi kuma ya buɗe baki ya ce ba daidai ba ne? In kuma ya ajiye, Alhaji zai tambaya, ƙarya za ta shiga. Na ce to ya sayi babban diril mai mariƙi. Ya ce sai an gama biyan makarantar Chastity. Ni wannan kara tamu ta ishe ni. Mun taso an koya mana cewa gara ka cutu da ka kunyata wanda ya yi maka alheri, kuma ga shi na ga inda take kai mutum.

Da farko abin ya yi kyau. Ramin da yake cin rabin safiya ya koma na ɗan lokaci, manaja ya ga manyan ramuka ya ce ma sun fi, za a riƙa zuba jatan lande a ciki. Kafaɗa ta huta. Elkana ya zo cin tuwo yana ɗaga hannu sama yana nuna mini, har ya ce da ya bi shawarata da ya yi asara. Na ƙara masa miya.

Yadda ya ba ni labari daga baya, wata safiya ce yana gab da gama wani rami. Reza ta ci karo da wani wuri mai tauri a ƙasan dunƙulen ta cije. Ƙarfen ya tsaya, injin ya fizge, wuyan hannunsa ya juya inda ba a halicce shi ya juya ba. Ya ce ya ji ƙas, kamar an karya karan dawa. Amma a ɗakin sanyi hannu a mace yake tun safe, zafin bai zo ba. Ya girgiza yatsu, ya ga suna motsi, ya ci gaba da aiki. Sai da ya fito rana da yamma hannun ya farka, ya kumbura har agogo ya nutse a ciki.

Bai gaya wa kowa a wurin aiki ba, tunda an riga an ce masa babu ruwan kamfani. Wani tsoho ɗan Pakistan a masaukinsu ya shafa masa kurkum da ƙwai ya ɗaure da tsumma. Da safe ya sa safar hannu a kai ya koma. Sanyin ya zama maganinsa: in ya shiga ciki zafin ya kwanta, in ya fito ya tashi. Har ya fara roƙon ƙarin lokaci don ya daɗe a ciki. Ya daina zuwa cin tuwo, don a gabana dole ya ci da dama, kuma hannun ba ya iya yanko loma.

Da na gaji da uzurinsa na bi shi har masaukin, na ga hannun, na ja shi asibiti ina faɗa tun daga ƙofa har mota. Likita ya ɗauki hoto ya ce wani ɗan ƙashi ne a gindin babban yatsa ya karye tun tuni, an yi ta aiki a kansa har jini ya daina kai masa. Da an zo a makon farko da filasta kawai za a sa. Yanzu sai tiyata, kuma ko an yi ba ya alkawarin hannun zai sake riƙe abu mai nauyi. Elkana ya tambaye shi ko zai iya riƙe fartanya. Likitan bai san fartanya ba, sai da na kwatanta masa, sannan ya girgiza kai.

Ya gwada hudawa da hagu, dunƙule biyu suka tsage a hannunsa. Manaja bai yi faɗa ba, ya dai ce kwantiragi ya kusa ƙarewa, khalas, shi ke nan. Ƙarfen ma a can ya bar shi, wanda aka ɗauka a gurbinsa yana amfani da shi da babban diril mai mariƙi da kamfanin ya saya daga baya.

Ana gobe zai tashi zuwa gida ya ce in raka shi sallama da Alhaji. Na ce zan raka shi, amma yau sai Alhaji ya ji. A bakin ginin ya tsaya ya kwance bandejin da ke hannunsa ya cusa a aljihu, ya ja hannun riga ya rufe.

"Magdalena, in kin ɗauke ni yayanki, kada ki ce komai. Me zai yi da sanin? Ya kwana yana jin zafi, hannun kuma bai dawo ba."

Na ce ba zan yi alkawari ba, amma da muka shiga gaisuwa kawai na yi na koma gefe. Elkana ya ce wa Alhaji gida ne ya kira, iyali suna bukatarsa. Alhaji ya ce haka ne, iyali su ne gaba. Ya sa aka kawo dabino da turare da yadi na Stephanie. Sannan ya miƙo hannu. Elkana ba zai ba babba hagu ba. Ya miƙa damar, Alhaji ya kama ta da hannu biyu ya matse, ya yi ta girgizawa yana addu'a, doguwar addu'a, Allah ya kai lafiya, Allah ya sa a tarar da alheri. Ina kallon gumi yana tsattsafowa a goshin Elkana a cikin ɗaki mai sanyin na'ura, yana amsa amin.

"Af, ƙarfen nan fa? Ya yi aiki kuwa?"

"Ya yi, Alhaji. Babu irinsa a duk ma'aikatar."

"Ai na gaya maka. Babba babba ne."

Muka sauko. Muka yi tafiya har muka sha kwana, inda ba a hango tagar ofishin. Nan ya jingina da bango ya zame ya tsuguna, ya rungume hannun a ƙirji, kayan Alhaji suka zube a gefensa. Na tsaya a kansa ina kuka don haushi, ban ma san wa zan zaga ba. Da numfashinsa ya dawo ya nuna mini wani ɗan shago a tsallaken titi da haɓa, ya ce don Allah in shiga in sayo masa ƙanƙara.