Birkin Gefen Fasinja

Motar koyon tuƙi birki biyu gare ta. Ɗaya yana ƙarƙashin ƙafar mai koyo, ɗayan kuma a gefen fasinja, inda mai koyarwa ke zama. Idan ɗalibi ya rikice ya taka totur a maimakon birki, wannan na biyun ne kaɗai ke tsakaninsa da katangar mutane. Shekaru ke nan matar da ɗalibanta ke kira Anti Birki tana zaune a wannan kujera, ƙafarta ta dama a ɗage kaɗan, a shirye.

Makarantar tana bayan wata tashar mota. Ofis ne ɗaki guda, da aji mai bencuna da allon alamomin hanya, sai fili da aka jera wa ganguna masu fenti ja da fari. A ƙarshen filin akwai rumfar wani mai faci. Malamai uku ne, ita kaɗai ce mace, don haka yawancin mata ita suke nema. Sunan ya biyo ta ne saboda ranar farko ba ta barin kowa ya taɓa totur. Birki za a yi ta takawa har ƙafa ta gaji.

Abin da ɗalibai ba su sani ba shi ne tun tana budurwa take fama da ciwon mara. Duk lokacin al'adarta sai ya naɗe ta kamar tabarma, ya sauko har cinya, wani sa'in har da amai. Mahaifiyarta ta ce kowace mace na yi. Da ta yi aure aka ce in ta haihu zai wuce. Ta haifi 'ya mace, ta yaye ta, ciwon ya dawo inda ya tsaya.

Sai da ta haura talatin wata likitar mata ta saurare ta da kyau, ta yi mata hoton ciki, ta ga ƙulli a jikin ƙwan mahaifa. Ta ce sunan ciwon endometiriyosis. Wani nama ne irin wanda ke shimfiɗe a cikin mahaifa yake tsirowa a wajenta. Duk wata yakan kumbura ya yi jini, jinin kuma ba shi da hanyar fita.

"Wallahi daɗi na ji," in ji Anti Birki. "Ashe ba raki ba ne. Abu ne mai suna."

Likitar ba ta yi mata alkawarin warkewa ba. Ta ce ana dai iya shawo kansa. Aka fara da maganin kashe zafi na yau da kullum, wanda ake sha tun ciwon bai yi ƙarfi ba. Ya rage, amma bai isa ba. Aka koma ƙwayar homon mai danne al'ada. Mata da yawa tana yi musu aiki, ita kuwa tashin zuciya ta sa mata, ga shi wuni take a motar da sabon hannu ke fizga gaba da baya. Ta haƙura da ita. Aka kawo maganar tiyata, ta ce a dakata, ɗalibai sun yi mata yawa. A ƙarshe likitar ta rubuta mata wani magani mai ƙarfi don ranakun da abin ya kai maƙura, ta kuma ja mata kunne: yana sa gyangyaɗi, kada ta yi tuƙi in ta sha.

A nan ta yi lissafin da mai irin aikinta ne kawai zai yi. Ai ba ita ke tuƙi ba, ɗaliba ce ke riƙe da sitiyari.

Ranar da abin ya faru, wata Hajiya mai shagon yadi ce a kan sitiyarin, mace mai jiki da murya, wadda ke karanto addu'a duk lokacin da za ta canza giya. Suna koyon shan kwana ne a tsakanin ganguna. Hajiya ta rikice ta danne totur. Motar ta zabura, ta kwashi ganga ta farko, ta kwashi ta biyu, ta nufi rumfar mai faci. Anti Birki tana gani, amma ƙafarta kamar an ɗaura mata dutse. Lokacin da birkin ya kama, mai faci ya riga ya yar da tayar hannunsa ya haye benci.

Ba wanda ya ji rauni. Fitila ɗaya ce ta fashe.

"Wayyo ni, na kashe musu mota!" in ji Hajiya, tana dafe da ƙirji. "'Yata, ki yafe ni. Dama maigidana ya faɗa, ni da tuƙi sai dai a mafarki."

"Hajiya, kowa na yin wannan kuskuren. Don shi aka ajiye ni a nan."

Da Anti Birki ta yi shiru, da maganar ta mutu a kan Hajiya, don ita kanta ta ɗauki laifin. Amma tana sallamar ta sai ta wuce ofis. Mai makarantar tsohon direban babbar mota ne, kowa Baba yake ce masa. Ba abu ne mai sauƙi ba mace ta zauna gaban sa'an mahaifinta tana maganar al'ada. Ta dubi ƙasa ta faɗa masa komai, har da maganin mai ƙarfi da ta sha a ranar.

Baba ya daɗe yana juya makullin mota a hannu.

"Malama, da mai facin nan bai yi tsalle ba fa?"

"Shi ya kawo ni, Baba."

"To ki dawo ofis. Ga fanka, ga kujera mai laushi. Ki riƙa karɓar sababbin ɗalibai. Mota kuwa a bar wa su Dogo." Dogo ɗaya ne daga cikin malaman.

"Baba, in na zauna a nan matan nan wa za su samu? Rabinsu ba za su shiga mota da Dogo ba. Ka ba ni hutu in je a yi min aiki. In na dawo ka gwada ni da kanka. In ban ci ba, ni da bakina zan nemi fankar."

Ya ce ya ji, amma ba zai yi mata sassauci ba.

Tiyatar ta 'yan ƙananan huda ce a ciki, ana zura kyamara a cire naman da ya tsiro inda bai kamata ba. Likitar ta sake faɗa mata gaskiya: zafin zai iya raguwa sosai, zai kuma iya dawowa. Ta ba da shawarar a sa mata robar homon a mahaifa a lokaci guda, don ta rage jinin da ciwon, sai dai ba za ta ɗauki ciki ba har sai an cire. Ta kai maganar gida. Mijinta mai gyaran firji ne, yana tsugune yana kwance wata tsohuwar fanka sa'ad da ta faɗa masa.

"Wadda muke da ita ma surutunta na mutum uku ne," ya ce. "Ki samu lafiya tukuna, uwargida. Sauran na Allah ne."

Bayan ta warware, likita ta ce za ta iya komawa aiki, sai ta iso makaranta da safe. Baba bai ce mata sannu da jiki ba sai da ya shiga mota ya zauna a kujerar ɗalibi. Ya ja su a hankali yana zagaya filin, yana ba ta labarin wata tsohuwar tafiya da gadar da ruwa ya cinye. Ya tambayi 'yarta. Ya nuna mata wata sabuwar mota a bakin tasha, ya ce ta duba launinta. Tana juya kai ya danne totur ya nufi ganguna.

Motar ta tsaya cak. Hular Baba ta tashi ta faɗa kan gilashi.

"Kai, 'yar nan! So kike ki zubar min da sauran haƙoran?"

"Kai ka ce ba sassauci, Baba."

Ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya fita ya bar mata makulli a jiki.

Ciwon bai tafi gaba ɗaya ba, ita ma ba ta cewa ya tafi. Yawancin watanni maganin yau da kullum da gorar ruwan zafi sun ishe ta. Amma akwai ranakun da yake tasowa da ƙarfinsa, kuma yanzu kowa a makarantar ya san tsarin. In ta sha mai ƙarfin, mijinta ne ke kawo ta a babur, ta shiga aji ta koyar da alamomin hanya a zaune. Matan da suka yarda sai su bi Dogo, waɗanda ba su yarda ba a ɗaga musu zuwa wata rana. Dogo murna yake an raba shi da aji, don ya ce alli atishawa yake sa shi.

Makon jiya irin ranar ta zo. Wata sabuwar ɗaliba ta leƙo aji da jakarta a kafaɗa.

"Anti, yau ba za mu fita ba?"

"Yau ƙafata ba ta aiki, ƙanwata. Jibi za mu fita, har titi in kin yi ƙoƙari. Shigo ki zauna ki faɗa min, wannan alamar mai kusurwa uku me take nufi?"