Kawu da Jarkokin Latas a Hawa na Huɗu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, Allah ya karɓi ranka, Kawu, kana kan kekenka na guragu a baranda, butar ban-ruwa na gefenka.

Shekara talatin kana tuƙa babbar mota, ba ka iya kwana uku a gari ɗaya. Sai hatsari ya kashe maka ƙafafu, ya ajiye ka a hawa na huɗu na gidan haya. Shekara biyar duniyarka ba ta wuce ɗaki, falo da baranda mai taku uku ba.

A nan ka fara noma. Ka sa aka yanka tsofaffin jarkoki, ka huda gindinsu da ƙusa mai zafi. Ni kuwa na yi ta hawo da ƙasa da taki ina haki, kana tsokanata wai malamin makaranta ba ya iya ɗaukar abin da ya fi alli nauyi. Ba ka yarda a tumɓuke latas. Ganyen gefe kake tsinka, ka bar tsakiyar ta sake tohowa. Babu gidan da bai ci ba a benen nan, har maƙwabciyar da ke mitar ruwanka na ɗiga mata a shanya.

Ni na yi maka alkawarin ɗaki a ƙasa, inda za ka tura kekenka ka ga titi. Ka ce tsiro ba ya jure jijjigar kwashe kaya, don haka in lokacin shuka ya yi sai ka kira ni: "Malam, in zuba iri ko in jira?" Sau uku ina cewa, "Jira, Kawu, ƙarshen wata za mu tashi." Sau uku jarkoki na zama wayam, kana zaune kana kallon busasshiyar ƙasa. Ranar da na tarar ka shuka ba ka tambaye ni ba, kunya ta hana ni zama.

Daga ƙarshe na samu ɗakin. Na hawo da mabuɗi a guje, ka jujjuya shi a hannu, ka dubi jarkokinka, ka ce: "Saura kwana goma su isa tsinka. Ka sa na jira, kai ma sai ka jira." Muka yi dariya. A kwana na shida ka rasu.

Mu huɗu muka sauko da kai, ko minti biyar ba mu yi ba. Ashe duk shekarun nan za mu iya sauko da kai ko da yammaci ɗaya ka sha iska, amma na tsaya jiran ɗaki. Wannan abu ya tsaya mini a rai, Kawu, kuma ba ka nan balle in roƙe ka gafara.

Inna, matarka da ta yi jinya ba gajiyawa, da 'ya'yanka, Allah ya ba mu haƙurin rashi. Kai kuma Allah ya jiƙan ka, ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi, ya yalwata maka kabarinka iyakar ganinka. Amin.