Kilishin Musbahu da Dalmar Halliru

A duk faɗin Ingila babu alƙalin da ya kai Injiniya Halliru Sanda tsauri. Ba a kai masa lauya, ba a ɗaukaka ƙara. Kotun tasa dai wani gareji ne a unguwar Sparkhill, tsakanin mai wankin mota da mai sayar da katifu, kuma injinan mota yake yi wa shari'a.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana kula da motocin council, wato ƙaramar hukuma. Da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, aka sallame shi da takardar godiya da kofin shayi. Sai ya kama aiki da wata ƙungiyar masu tseren mota na sha'awa, masu fita ranar Asabar. Dokarsu ɗaya ce: mota iri ɗaya, inji iri ɗaya, don kada mai kuɗi ya sayi gudu. Direban bas da likita duk layi ɗaya. Halliru ke auna kowane inji, ya zura waya ta cikin notinansa, ya matse ta da ɗan curin dalma mai lamba. Duk wanda ya tsinke dalmar don ya ƙara wa injinsa ƙarfi, ya kori kansa.

Bahaushe ɗaya ne cikin direbobin, Dokta Musbahu Yelwa, likitan haƙori a Manchester. Ya je gida hutu ya dawo, ya tarar da Halliru a filin tsere, ya miƙa masa ƙunshi a gaban kowa.

"Injiniya, ga tsarabarka. Kilishi mai yaji, yadda kake so."

Yadda ya ratso filin jirgi da shi, alhali an hana shigo da nama, wannan wata shari'ar ce. Tsaraba dai ba a mayar da ita. Halliru ya karɓa hannu biyu, ya yi godiya, ya waiwaya, sai ga Clara, sakatariyar ƙungiya, tana kallonsu da biro a hannu.

Tun daga ranar zama ya gagare shi. Ya zauna cin abinci, ya miƙe. Ya ɗauki jarida, ya ajiye. Kilishi na kan firij, bai ci ba, bai zubar ba.

"Malam, falon nan taku shida ne, awon ya isa haka," in ji matarsa Batulu. "Ko ka ci, ko ka ba ni."

"Bar shi. Shaida ce."

"Shaidar me? Nama ne."

"Za su ce na sayar da dalma."

"Wa ya ce?"

"Za su ce."

Ya buga wa Musbahu waya, ya ce a kawo motar. Musbahu ya jawo ta daga Manchester cikin ruwan sama.

"Yaya Halliru, da hannunka fa ka rufe injin nan."

"Shi ya sa."

"Haba! Kilishi na kawo maka, ba kujerar Makka ba."

Halliru ya kira Clara ta zo ta zama shaida. A gabanta ya tsinke dalmar, ya wargaza injin, ya jera fistin a kan tebur, ya ɗora kowanne a sikeli sau uku. Kwana biyu yana wannan aiki, bai sami komai ba sai baƙin mai. Ya haɗa, ya matse sabuwar dalma. Tsere ɗaya ya wuce Musbahu, shi kuma ya daina amsa wa Halliru doguwar gaisuwa.

"Yanzu ba mai cewa na fifita ɗan'uwana," in ji Halliru, yana miƙa wa Clara takarda ta sa hannu. "Ai na ga kin ga ƙunshin."

"Wane ƙunshi?" in ji Clara. Ta sa hannu, ta fita neman bas.

Asabar ta gaba Musbahu ya fita da injinsa mai sabuwar dalma, ya zo na goma sha takwas, kamar yadda ya saba shekara uku. Motoci goma sha tara ne, ɗaya kuma ba ta tashi ba.