Kawu Manu da Albasar Cikin Bango

Duk wanda ya san Kawu Manu magini, mutumin Argungu, ya san ba ya gaisawa da mai gida sai ya gaisa da iskar gidan. Zai yi sallama a amsa, sai ya zaro zare daga aljihu da gashin zabuwa ɗaure a bakinsa, ya ɗaga a ƙofar ɗaki ya zuba masa ido. Mai gida na miƙo hannu, shi yana kallon gashi. Awonsa hawa-hawa ne: in gashin bai motsa ba, iska na barci, in ya ɗan karkata, tana gyangyaɗi, in ya kaɗa sosai, tana rawa. Sai ya ga rawa yake zama ya sha ruwa. Ni 'yar ƙanwarsa ce, kuma na gaji rabin fargabarsa, saboda haka ina da izinin yi masa dariya.

Bai taɓa yarda iskar duniya za ta ishi mutanen cikinta ba. In zai zo Birnin Kebbi ba ya shiga gaban mota, sai bayan akori-kura, kan buhunan shinkafa. Wata rana direba ya ji nauyin furfurarsa ya ce, "Baba, taho gaba ka zamna, akwai wuri."

"Ku nawa na ciki?"

"Mu ukku."

"Ƙohwar hanci shidda ke nan, taga biyu. In na shigo ta zan takwas. Ku sha abinku, ni ina bisa."

Lokacin Birnin Kebbi na cikin jihar Sakkwato ne Baba ya gina gidan bulo mai rufin kwano a unguwar Badariya, muka tashi daga na ƙasa. Inna, mahaifiyata, tana da fuka. A tsohon gida takan taso mata sama-sama, amma bazarar farko a ɗakin kwano ta kusa tafiya da ita. Na baro gidan mijina na zo jinya, na tarar ba ta iya kwanciya, sai zama dafe da gwiwa, ƙirjinta na kuka kamar ƙofar da ta rasa mai. Na ji tsoro ƙwarai.

Kawu ya zo ya ɗaga gashinsa, gashi ya yi barci. Ko ruwa bai sha ba ya fita, ya dawo da amalanken bulo. Ya ta da bango na biyu ta yamma, inda rana ke dukan ɗakin Inna, ya bar fili kamar kamu guda tsakaninsa da na asali. Layin ƙasa ya sa bulo mai huji, layin sama ma haka, ya kuma fasa 'yan tagogi daga ɗakin zuwa cikin filin. Wai iska ta shiga ta ƙasa da sanyinta, ta kwashe zafin bango, ta fice ta sama. A gefe ya bar 'yar ƙofa don shara. Maƙwabta suka ce Manu ya ɗinka wa ɗaki riga. Baba kuwa ya ce shi bai taɓa ganin an gina ɗakin da ba mai kwana a ciki ba.

Abin mamaki, ɗakin ya yi sanyi, Inna ta samu sauƙi. Mu muka huta, Kawu bai huta ba. Kowane mako sai ya hawo buhunan shinkafarsa ya zo awo. A hujin ƙasa dole gashi ya karkata ciki, a na sama ya hau tsani ya ga yana kaɗawa waje. Ya yi yaƙi da rina, ya yi da ƙadangaru. Har ƙarar kaza ya taɓa kai wa Inna don ta yi ƙwai a ciki, ya ce a ja mata kunne ko a yi miya da ita.

Shekarar da ta biyo albasa ta yi kyau a fadamar Baba ta Zauro. Rudun da yake ajiyarta ya cika, ga saura tuli a ƙasa. Baba ya leƙa 'yar ƙofar nan, ya ga inuwa, ya ga iska, ba laima. Ku da kuka san manomin albasa kun san abin da zuciyarsa za ta raya masa. Kawu na can Argungu zazzaɓi ya kwantar da shi, Baba ya lallaɓa ya cika tsakanin bangon taf har sama, bai gaya wa kowa ba.

Aka sake aiko mini Inna ba lafiya. Mun karɓo magani a asibiti tana sha, amma ɗakin ya koma tanda. Warin albasa kam muna ji, to a wannan lokaci wane gida ne ba ya warinta? Ina mata fifita ina kallon leɓɓanta suna sauya launi, ina ta lissafin wa zan aika ya nemo mota.

Da azahar sai ga Kawu, bai gama warkewa ba. Ya tsuguna a hujin ƙasa ya ɗaga zare. Gashi ko gezau. Ya zura yatsa cikin hujin, ya jawo ɓawo ja.

"Alhaji, mi na na?"

Baba ya ce, "Albasa ta, Yaya."

"Na san ba goro na ba. Mi takai cikin bangona?"

"Kai da bakinka kac ce wurin na da iska. In na bar ta waje ruɓewa za ta yi."

"Iskar ƙanwata kab ba albasa? Ita albasar ga ta haihwa maka ɗiya?"

Baba ya buɗe baki zai ba da amsa, sai kukan ƙirjin Inna ya fito ta taga, kowa ya ji shi a tsakar gida.  Baba ya tuɓe babbar riga ya kutsa 'yar ƙofar da rarrafe, yana turo albasa waje, maƙwabta na kwashewa da kwanduna. Kawu ko guda bai ɗauka ba, yana tsugune da zarensa yana ba da rahoto kamar mai shela. "Barci takai." Can an jima, "Har yanzu barci, ku ƙara hannu." Ni ina ciki ina yi wa Inna fifita. Wajen la'asar na ji ya ce, "Ta hwara gyangyaɗi," na kuma ji wani ɗan sanyi a bayan wuyana. Kafin ya ce rawa, Inna ta zame ta kwanta a kan haƙarƙarinta, barci ya ɗauke ta. Na kai kunne na saurari numfashinta, sannan na fito na zauna cikin albasa na yi kuka, kowa ya ɗauka yajinta ne.

Ko maganin asibiti ne ko bango, ni ban sani ba. Kawu dai bai yi shakka ba. Ya sa wa 'yar ƙofar kwaɗo ya tafi da makulli Argungu, ko shara za a yi sai an jira shi. Mu kuwa muka ci albasa har a cikin kunu.

Inna ta ga jikokina, Kawu ne ya riga ta rasuwa. A wurin zaman makokinsa mata suka ɗauko labarin albasa ana ta dariya ƙasa-ƙasa, ita ba ta yi ba. Ta ce, "Ku bar Yaya. Innarmu da hukar ga tat tahi, cikin bazara, ɗaki ba taga. Ni ina goye. Shi anka ba mahuci anka ce shi yi mata hihita kar shi bari. Yana ta yi har hannunai ya sage, bai san ta daɗe da cikawa ba. Da ƙyar anka ɓamɓare mahucin daga hannunai."



Allah ya jiƙan Kawu Manu, ya yafe masa. Allah ya yalwata masa makwancinsa, ya buɗe masa ƙofa ta wajen Aljanna, sanyinta ya riƙa iske shi ba sai ya tashi nema ba.